Jawabin maraba ga Mai girma Ciyaman, daga bakin sakataren ƙungiyar ci gaban gari

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Ciyaman, ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Mai gari, liman, kansilanmu, masu unguwanni, iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa, kowa sannu da zama cikin ranar nan. Mai gari ne ya ce in yi magana a madadin jama'a.

Ranka ya daɗe, mutanen da ka gani a sahun gaba da rawuna ba gayyato su muka yi daga wani gari ba, namu ne. Asalinsu Nijar, wasu Matamaye, wasu Magarya, wasu can cikin Damagaram, akwai Buzaye a ciki. Iyayen wasu farin 1973 ya koro su, wasu na 1984, wasu kuma kasuwar Mai'adua suka zo ci da dabbobi, suka ga wuri ya yi musu suka zauna. Mu mutanen ƙasar Daura ba mu da bakin ƙyamar baƙo, tunda tarihin da muka tashi muna ji shi ne Bayajidda ma zuwa ya yi, ƙishirwa ta kai shi Kusugu.

Yadda muke yi tun zamanin kakanni, baƙo sai da mai masauki. Shi zai kai shi wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai shi gaban mai gari, a ji daga ina yake, me ya kawo shi, wa ya san shi. In an gamsu sai a ba shi aron gona da filin da zai kafa ɗaki, in damina ta faɗi a kira shi gayya, to wallahi daga ranar da mutum ya riƙe fartanya a gonar wani shi ma aka zo tasa, an gama, matarsa ta shiga adashi, yaransa suna makarantar allo da namu, kafin ka ce me an fara kai goron tambaya. Yanzu da wuya ka sami gidan da ba a haɗa jini da su ba. Ko lokacin da aka rufe boda a 2019, da kuma 2023 bayan juyin mulkin Yamai, ta Kongolam ba shiga ba fita, wahalar tare muka sha, biki da ta'aziyya duk sun gagara.

Inda abin ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne takarda. Yaro an haife shi a nan, an yanka masa rago a nan, amma ba takardar haihuwa, sai an zo rajistar jarrabawa a fara kame-kame. Muna roƙo a turo mana ma'aikatan Hukumar Ƙidaya su zauna ko kwana biyu ne su yi wa yaran garin nan gaba ɗaya. Sannan akwai yaran da suka fara lakwal a can da Faransanci, an kawo su firamare ana Turanci, sai su zauna shiru a bayan aji kamar ba su da ƙwaƙwalwa, alhali in lissafi ne sun fi namu. Malami ɗaya da zai riƙe su da yamma ya wadatar, ɗaki mu za mu bayar.

Na uku taki. In ana rubuta sunayen manoma don Allah a bi gona, wanda ya nome ta shi a rubuta, geronsu a rumbunan garin nan yake kwana kuma a nan ake fitar da zakkarsa.

Ranka ya daɗe ga takardar koken a hannun mai gari. In an tashi akwai fura da nono, matan unguwar Buzaye ne suka ce yau ba wanda zai dama sai su. Allah ya maida kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum.