Amsoshin Tambayoyinku: Mai Zanen da Ƙaninsa Ya Riƙe Shekara Goma

Assalamu alaikum masu sauraronmu na cikin birnin Katsina da kewaye, barkanmu da war haka. Yau wasiƙu uku na ware daga cikin tarin da ke gabana, domin duk hanya ɗaya suka bi, ko da yake masu su ba su san juna ba.

Ta farko daga wani ɗalibi ce a Ƙofar Marusa. Ya ce: "Malam, an nuna mana hoton wani Bature mai zane, kunnensa naɗe da bandeji, aka ce shi ya yanke abinsa da hannunsa. Wane ne shi? Da gaske mahaukaci ne? Kuma ina danginsa suke har aka kai ga haka?"

To ɗan samari, sunansa Vincent van Gogh, mutumin ƙasar Holan, an haife shi ran 30 ga Maris 1853, mahaifinsa limamin coci ne a ƙauye. Amma kafin mu yi nisa ina roƙonka mu ajiye kalmar nan ta mahaukaci. Mu ce mara lafiya, kamar yadda muke ce wa mai hawan jini ko mai ciwon suga.

Bai tashi da sana'ar zane ba. Ya yi aiki a kantin sayar da zane-zane a Holan da Landan da Paris, aka sallame shi a 1876. Ya ɗan yi koyarwa a Ingila. Ya tafi wa'azi cikin masu haƙar kwal a Beljiyam, ya rabar da tufafinsa, ya koma kwana a ƙasa, har waɗanda suka tura shi suka ce sun yafe. Duk abin da ya kama sai ya suɓuce masa. Sai a 1880, yana da shekara 27, ya rungumi zane, kuma ƙaninsa Theo ne ya ƙarfafa masa gwiwa.

Ka tambayi ina danginsa, to ga danginsa nan, mutum ɗaya. Vincent ya girmi Theo da shekara huɗu, amma ƙanin ne ya zama uba. Dillalin zane ne a Paris, mai cin albashi. Shekara goma cur daga aljihunsa kuɗin haya ke fita, da na abinci, da na fenti da buroshi da ƙyallen da ake zane a kai, wajen faran 150 na kuɗin Faransa duk wata. Don ka gane nauyin kuɗin, wani ma'aikacin gidan waya, abokin Vincent, faran 135 ne albashinsa, kuma da shi yake riƙe da mata da 'ya'ya uku. Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin da suka yi a 1884. Vincent ya ce daga yanzu duk zanen da ya gama zai aika wa Theo, kuɗin kuma a ɗauke shi a matsayin ladan aiki. Theo ya amince, alhali zanen ba ya sayuwa, tarawa kawai yake yi a gida har ƙarƙashin gado. Wato ya ciyar da yayansa ba tare da ya mai da shi almajirin ƙofarsa ba.

Kada ka zaci zaman lami lafiya aka yi. Daga 1886 zuwa 1888 sun zauna gida ɗaya a Paris, har Theo ya rubuta wa ƙanwarsu yana kukan cewa gidan ya kusa gagararsa zama, baƙi sun daina zuwa saboda gardama, kuma kamar mutum biyu ne a jikin yayan nasa, ɗaya mai taushin zuciya da basira, ɗaya mai son kai da kaushin hali. Duk wanda ya taɓa jinyar mai irin wannan lalura ya san wannan magana. Theo ya gaji, ya faɗa, amma bai kore shi ba.

A Fabrairun 1888 Vincent ya koma garin Arles a kudancin Faransa. Yana aiki ba dare ba rana, ba ya cin abincin kirki, sai kofi da taba da giya. Wani mai zane, Paul Gauguin, ya zo suka zauna tare mako tara, suna ta saɓani. Daren 23 ga Disamba 1888 abin ya taso masa, ya sa aska ya yanke kunnensa na hagu. Da safe 'yan sanda suka same shi kwance cikin jini, aka kai shi asibiti. Theo, wanda a kwanakin nan aka sa masa ranar aure, yana samun saƙo ya hau jirgin ƙasa na dare.

Wurin da ya fi sosa min rai a labarin nan shi ne abin da ya biyo baya. A Fabrairun 1889 maƙwabta wajen 30 suka sa hannu a takarda, suka kai wa magajin gari cewa a ɗauke musu shi. Aka kulle gidansa, aka mayar da shi asibiti. Ba na jin wannan a matsayin labarin Turawa kaɗai. Ina yaro akwai wani dattijo a unguwarmu da ke zama gindin dalbejiya da tsohon kwanon sha, yana jera duwatsu layi-layi. Yara na binsa da jifa da waƙa, manya na zaune a dakali ba mai tsawatawa. Wata tsohuwa kaɗai, ƙanwarsa, ke zuwa da la'asar da kunu a langa, ta zauna gefensa har ya shanye, ta goge masa baki da gefen mayafinta. Ban san darajar abin da take yi ba sai da na girma.

A watan Mayun 1889 Vincent da ƙafarsa ya shiga asibitin masu taɓin hankali a Saint-Rémy. Theo ya biya, aka ba shi ɗaki biyu, ɗaya na kwana ɗaya na aiki. Shekara guda ya yi a can, ya zana hotuna wajen 150, ciki har da shahararren zanen nan na dare mai taurari da ya yi a watan Yuni. Da aka haifa wa Theo ɗa ran 31 ga Janairu 1890, sai ya raɗa masa Vincent. Ka duba fa, yayansa na kwance a asibitin da mutane ke jin kunyar ambata, shi kuwa ya yi masa takwara. Vincent ya zana rassan itace masu farin fure a kan shuɗin sama, ya aika kyauta ga jaririn.

Ƙarshen ba mai daɗi ba ne. Ya koma ƙauyen Auvers kusa da Paris a Mayun 1890. A farkon Yuli ya ziyarci Theo ya tarar jariri ya sha jinya, ga matsala a wurin aiki, ga maganar kuɗi. Ya koma da tunanin ya zama kaya a wuyansu. Ran 27 ga Yuli ya illata kansa, ya rasu ran 29, yana da shekara 37, Theo na zaune a gefensa. Theo da ma ba isasshiyar lafiya gare shi ba, sai jiki da hankali suka rushe tare, ya rasu ran 25 ga Janairu 1891, wata shida tsakani, yana da shekara 33. Matarsa Johanna ce ta tattara zane-zanen da wasiƙu sama da 600 da Vincent ya rubuta wa mijinta, ta yi ta fafutuka har duniya ta san shi. A 1914 ta sa aka mayar da kabarin Theo kusa da na yayansa.

Wasiƙa ta biyu gajera ce, daga wani malamin makaranta a Dutsin-ma: "Ana cewa duk mai baiwa ba ya rasa ɗan taɓi. Ko ciwon ne ya ba wannan mutum basira?"

A'a, Malam. In ciwon ya taso masa ba ya iya riƙe buroshi, wani lokaci ma fentin yake ƙoƙarin haɗiyewa sai an ƙwace. Daga Fabrairu zuwa Afrilun 1890 wajen wata biyu ya yi a haka. Aikinsa na tsakanin tasowa da tasowa ne, lokacin da hankali ya dawo, kuma ya tsaya ne a kan shekarun da ya yi yana koyo da maimaitawa. Ciwon cinye masa lokaci ya yi. Likitocinsa sun ce wani nau'in farfaɗiya ne, na bayansu wasu suka ce ciwon nan ne mai ɗaga mutum sama ya kuma jefa shi cikin matsananciyar damuwa. Maganin da aka yi masa a Saint-Rémy bai wuce jiƙa shi a ruwan wanka na awa biyu, sau biyu a mako ba. Maganin farko mai kwantar da irin wannan ruɗewa sai a 1952 aka fara amfani da shi a Paris, shekara 62 bayan rasuwarsa.

Sai ta uku, wadda saboda ita na haɗa sauran. Wata baiwar Allah ce daga Daura, ta ce a sakaya sunanta:

"Malam, ina da ƙane, shi ke rubuta allunan shaguna da zanen jikin motocin kaya. Shekara biyu ke nan ya canza. Sai ya yi kwana huɗu bai runtsa ba, yana ta surutu, ya ce ana kiran sunanshi. In abin ya lafa kuma ya shige ɗaki ya ƙi kula kowa. Iyayenmu sun rasu. An yi mashi ruƙiyya, an yi hayaƙi. Yayyenmu maza sun ce a kai shi a sa mashi mari. Ni kaɗai ke kai mashi abinci, maigidana ya fara nuna gajiya. Ran nan ya ce mani gara ya tafi ya hutar da ni. Ya zan yi?"

'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri, ya ba shi lafiya. Da maganarsa ta ƙarshe zan fara, domin ba ta jira. Wanda ya ce gara ya tafi ya hutar da mutane, a ɗauki zancensa da gaske. Ki zauna da shi ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, tambayar ba ta jefa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawowa. A kwashe maganin ƙwari da na ɓera da wuƙaƙe da tarin ƙwayoyi daga inda yake. Kada a bar shi kwana shi kaɗai. Kuma gobe, in Allah ya kai mu, a kai shi babban asibiti a ce ana son ganin likitan ƙwaƙwalwa. In aka tura ku gaba, akwai asibitin Dawanau a Kano, da na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da na Kware a Sakkwato. Ki faɗa wa likita komai, har in yana shan wani abu, wiwi ko tiramol, don ɓoyewa na ɓata magani. Ki kuma faɗa wa ƙaninki da bakinki cewa bai dame ki ba.

Batun mari kuwa, ki ce wa yayyenki ina roƙonsu don Allah su janye. Ku mutanen Daura kun ga abin da ya fito a Oktoban 2019, da 'yan sanda suka kwance mutum 67 daga sarƙa a wani gida a garinku, jikinsu duk tabo. Mari ba ya warkarwa, ƙafa yake ci. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A Janairun 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta ba mai wannan lalura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Addu'a kuma a ci gaba da yi, ba ta hana zuwa asibiti. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta.

In an fara magani, kurakurai biyu aka fi yi. Ana ganin ya samu sauƙi sai a daina ba shi, bayan wata biyu ciwo ya dawo sabo. Ko kuma a ga jikinsa ya yi tauri, hannu na rawa, miyau na zuba, sai a tsorata a watsar. Wannan komawa wurin likita ake yi ya rage ko ya canza. In haɗiyar ƙwaya kullum ta gagara, ki tambaya ko allurar wata-wata za ta dace da shi.

Yanzu ke kanki. Theo ya yi abin da ba kowa zai iya ba, amma kusan shi kaɗai ya ɗauka, kin kuma ji yadda ya ƙare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nan Najeriya, a 1954, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta, inda mara lafiya ke sauka a ƙauyukan da ke kusa da asibiti tare da wani nasa, uwa ko 'yar'uwa, da rana ya je karɓar magani, da yamma ya dawo cikin mutane. Likita na nasa, dangi na nasu. Ki samu kawu ko baffa da ake jin maganarsa ya tara ku, a raba aikin baki da baki: wane kuɗin magani, wane rakiya asibiti, wane kwana da shi, wance abincin Talata da Laraba. Maigidanki ma a zaunar da shi a yi masa godiya, gajiyarsa ba laifi ba ce.

Kuma kada a ƙwace masa kayan sana'arsa, sai dai a ɓoye kananzir da sinadarin tsinka fenti a kwanakin da abin ya taso. Da zarar ya fara samun barci, ku nemo masa ƙaramin aiki, ko allon mai shayin bakin layi ne, a biya shi a hannunsa, ya sayo wa kansa sabulu. In ɗan'uwa ne ya ba da aikin, shi ma ya biya.

Lokaci ya cim mana. 'Yar'uwa, ki sake rubuto mana bayan kun ga likita, ina jiran wasiƙarki. Ki gaishe min da shi, ki ce mai karanta wasiƙu a rediyo yana tambayar yaya aiki. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, wassalamu alaikum.