Yarinya 'yar shekara 19 ta ƙaryata manaja a bainar jama'a, kuma ba a kore ta ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a waje nake, nan Leipzig, yanzu na taso daga aiki. Abin da idona ya gane mini yau ba zan iya jira sai na isa ɗaki ba. Wallahi har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Taron ma'aikata aka yi mana, irin wanda dokar Jamus ta ce majalisar ma'aikata, wato wakilan da ma'aikatan kamfani suka zaɓa, ta kira duk bayan wata uku. Manaja ya fito da sabon tsarin karɓa-karɓa, ya gama bayani, ya ce akwai mai tambaya? Tsit. Ni na san tsarin nan da gyara, na kusa da ni ya sani, har mun ɗan haɗa ido muka kau da kai. Sai wata yarinya mai koyon aiki ta miƙe, ba za ta wuce shekara 19 ba. Ina bayanta kaɗan, ina ganin takardar hannunta tana rawa, wuyanta ya yi jawur har kunne. Amma ta yi maganar. Ta ce a wannan tsari wanda ya tashi goma na dare ranar canji zai dawo shida na safe, awa takwas ke nan, alhali doka ta ce awa 11 ake hutawa tsakanin aiki da aiki, don haka tsarin bai yi ba. A gaban kowa fa! Mutumin da ya haife ta ya haifi yayanta!

Ni har na fara tausaya mata. Ina jiran in ga ya murtuke fuska, sai ya ciro biro ya rubuta, ya ce ta yi gaskiya, za a gyara. To abin da ya fi girgiza ni shi ne abin da ya biyo baya. Tana zama hannuwa suka fara tashi, wannan ya kawo ƙorafin hutun rana, waccan ta kawo na sanyin wurin lodi. Mutanen da ɗazu ko uffan ba su ce ba. Ashe kowa da magana cike da cikinsa, mai fara buɗe baki ake jira.

Mu kun san yadda aka raine mu. Babba yana magana ba ka katse shi, ko ya yi kuskure ba ka gyara masa a idon mutane. Sai an watse ka same shi shi kaɗai, ka rusuna, ka ce ranka ya daɗe ko da za a sake dubawa. In abin ya fi ƙarfinka ka nemi wanda yake jin nauyinsa ka aika. Ni ina alfahari da wannan tarbiyyar, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina kewarta. A nan mutum zai gaya maka kuskurenka gatse-gatse a gaban abokan aikinka, ya juya ya tambaye ka ko za ka sha kofi, shi a wurinsa ba abin da ya faru. Mu muna gyara mutum mu bar masa mutuncinsa. Sai dai yau na zauna na tambayi kaina, wanda ba shi da wanda zai aika fa? Ƙaramin ma'aikaci, ɗalibi a gaban malaminsa, matar da aka ce mata haƙuri tun ran da aka kai ta? Maganarsu a ciki take mutuwa, babban kuma ya ci gaba da zaton kowa ya gamsu, tunda bai ji kowa ya ce kanzil ba.

Da muka fito na ce wa wani dattijo da muke aiki tare, haifaffen garin nan ne, ya kusa ritaya, na ce ku Jamusawa ba ku da tsoro. Ya girgiza kai ya ce kar in ruɗi kaina. Ya ce shi da harshe biyu ya tashi, ɗaya na cikin gida, ɗaya na makaranta. Nan da nake tsaye Jamus ta Gabas ce a da. Iyayensu suna kallon talabijin ɗin Yamma da daddare, da safe a ja wa yaro kunne kar ya kuskura ya faɗa a aji. Hukumar leƙen asirinsu, Stasi, a 1989 tana da ma'aikata wajen 91,000, ga kuma masu kai rahoto a ɓoye fiye da 170,000, a ƙasar da mutanenta ba su fi miliyan 16 da 'yan kai ba. Maƙwabcinka, abokin aikinka, wani lokacin har wanda kuke kwana ɗaki ɗaya. Wa zai buɗe baki?

Shi ya sa na biyo ta nan don in nuna muku. Bari in juya kyamara. Kun ga cocin can? Nikolaikirche ke nan. Ga kuma wannan farin ginshiƙi a filin, da ganyen dabino a kansa, don tunawa da abin da ya faru aka kafa shi. Tun 1982 ake taruwa a cocin nan duk Litinin ana addu'ar zaman lafiya, mutane 'yan kaɗan, ana ɗaukar sunayensu. A watan Mayun 1989 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, gwamnati ta ce kusan kashi 99 cikin 100 sun zaɓe ta. Wata biyar bayan nan, ran 9 ga Oktoba, mutum wajen 70,000 suka fito titunan nan riƙe da kyandir suna cewa mu ne jama'a, alhali sun san kisan da aka yi wa ɗalibai masu zanga-zanga a China a watan Yuni, kuma ga jami'an tsaro an jibge. Ba a yi harbi ba. Litinin ta gaba suka haura 100,000, ran 18 ga wata shugaban Jamus ta Gabas, Honecker, ya sauka, ran 9 ga Nuwamba katangar Berlin ta buɗe. Shin a wata biyar ne duk waɗannan mutane suka sauya ra'ayi? Ina! Ra'ayin yana nan tun tuni, kowa dai yana zaton shi kaɗai ne. Duk lokacin da na ratsa filin nan sai tsigar jikina ta tashi.

Bari in matsa wajen tasha, sanyin ya fara shiga ƙashi. Tikitin wata-watan nan da muke hawa jiragen ƙasa na gajeren zango da bas da shi ko'ina a ƙasar, da yuro 49 aka fara shi a 2023, yanzu ya haura, kuma kowa yana ƙorafi da babbar murya, wannan kam ba mai jin tsoron faɗa. Maganar jirgi ma ta tuna mini. Akwai wata Bajamushiya, Elisabeth Noelle-Neumann, ita ta kafa cibiyar jin ra'ayin jama'a ta Allensbach a 1947. A zaɓen 1965 ta lura da wani abu: manyan jam'iyyu biyu, CDU da SPD, suna kunnen doki in an tambayi mutum wa zai zaɓa, amma in an tambaye shi wa yake ganin zai ci, sai ƙara karkata ake yi wajen CDU. Magoya bayan ɓangare ɗaya suna magana da ƙarfi, na ɗayan suna ta jan baki, har a ƙarshe mutane da dama suka bi inda suka ga iska ta kaɗa. A 1974 ta fitar da bayaninta: ɗan Adam yana tsoron a ware shi, kullum yana auna ra'ayin da ke tashe, in ya ga nasa ba shi ne a sama ba sai ya yi gum, shirunsa kuma ya sa na kusa da shi ma ya yi gum. Tambayar da take yi wa mutane ita ce, a ce kana tafiyar awa biyar a jirgin ƙasa, wani a taragon ya ɗauko magana kan abin da ake taƙaddama a kai, za ka tanka ko za ka bar shi? Ita kanta fa a zamanin Hitler ta yi rubutu a jaridar 'yan Nazi, an kuma daɗe ana yi mata gori a kai. Ta san abin daga ciki.

To kar ku ɗauka yanzu an gama da wannan a Jamus. Wannan cibiyar dai a 2021 ta tambayi mutane, kashi 45 ne kawai suka ce mutum zai iya faɗin ra'ayinsa na siyasa a sake, kashi 44 suka ce gara a yi taka-tsantsan. A ƙasar da sashe na 5 na tsarin mulkinta ya ba kowa 'yancin magana tun 1949! Ni ma ina gani da idona a ɗakin hutu. Mutanen nan da za su tsaya su yi jayayya da manaja kan minti goma, bari wani ya ambaci Gaza, ko baƙin haure, ko wa ya zaɓi AfD, jam'iyyar masu ƙyamar baƙi, sai ka ga kowa ya tsura wa kofinsa ido. Tarihinsu ya yi musu nauyi, Yahudawa miliyan shida aka kashe da sunan ƙasar nan, musanta hakan ma laifi ne da zai iya kai mutum kurkuku har shekara biyar. Na fahimci wannan, ina kuma girmama shi. Amma yana yi mini ciwo in ga yara suna mutuwa a labarai da safe, in zo wurin aiki in haɗiye, in yi maganar yanayi. Kowace al'umma da inda bakinta yake buɗewa da inda yake rufewa, nasu dai ba a inda namu yake ba ne.

Wani masani a Amurka, Solomon Asch, ya gwada abin nan a 1951 da abin da ko siyasa babu a ciki. Zane ne kawai a kan kati, a ce wanne ya yi daidai da wanne a tsawo, abin da yaro ma zai gane. Sai a zaunar da mutum cikin wasu da aka riga aka haɗa baki da su, duk su ba da amsar da ba daidai ba. Kusan uku cikin huɗu sun bi su aƙalla sau ɗaya, suna gani da idonsu fa. Amma da aka sa mutum ɗaya tak cikin taron ya faɗi gaskiya, sai bin yarima a sha kiɗan ya faɗo daga wajen kashi ɗaya cikin uku zuwa wajen kashi biyar cikin 100. Mutum ɗaya! A 1996 wasu suka tattara irin wannan gwaji 133 daga ƙasashe 17, suka ga al'ummomin da suke fifita jama'a a kan mutum ɗaya sun fi bin taro. Ni ban ɗauki wannan zagi ba. Wanda ya san ran da ya kwanta ciwo jama'a ne za su ɗauke shi, dole ya yi tunani sau biyu kafin ya ɓata da su. Bajamushe inshora ce ke ɗaukarsa, ko duk unguwa ta daina gaishe shi albashinsa zai shigo.

Yanzu ku da kuke shirin zuwa, ko kuka zo kwanan nan, ku saurare ni da kyau, don kar wani ya kalli bidiyon nan gobe ya je ya tsaya gaban mai gidansa ya ce ai wane ya ce a nan ana faɗa. Mai koyon sana'a a ƙasar nan gwajinsa ba ya wuce wata huɗu, bayan nan korarsa sai da babban dalili, kuma in ɗan ƙasa ne ba mai taɓa takardunsa. Kai kuwa sabon ɗauka, galibi wata shida kake a gwaji, a cikinsu za a iya sallamarka da sanarwar mako biyu ba tare da an gaya maka dalili ba. Dokar kare ma'aikaci daga kora sai bayan wata shidan take fara aiki, ita ma a wurin da ma'aikata suka haura goma. In izinin zamanka a jikin aikin yake rataye, ka san abin da ka sa a faranti. Ka bari ka zauna da gindinka tukuna. In magana ta ci ka, ka je wurin majalisar ma'aikata, aikinsu ke nan. Kuma kafin ka ɗaga hannu a taro, ka samu ko mutum ɗaya ku yi magana tun a waje, ka tabbata in ka faɗa zai ce haka ne.

Sai Facebook, don a nan 'yan'uwanmu suka fi faɗawa rami. Mutum ya yi shiru a wurin aiki yini guda, ya dawo ɗaki ya huce a waya. Su kansu Amurkawa da cibiyar Pew ta tambaye su a 2013 kan tonon sililin da Snowden ya yi wa leƙen asirin gwamnatinsu, kashi 86 sun yarda su tattauna ido da ido, kashi 42 ne kawai suka yarda su rubuta a Facebook ko Twitter, sun san rubutu ba ya gogewa. A Jamus zagi laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa, ko nuna wa wani yatsa ka yi a kan titi, tarar kuma da kuɗin shigarka na rana ake lissafa ta. Jihar Sachsen-Anhalt da ke maƙwabtaka da mu, tun ƙarshen 2023 mai neman zama ɗan ƙasa sai ya rubuta cewa ya amince da wanzuwar Isra'ila. Kar kuma ka ce ai da Hausa na rubuta wa zai gane, wayar da ke hannun jami'in tana fassara. Ka faɗi ra'ayinka, ni ma ga shi ina faɗa da fuskata a buɗe, amma ban da zagi, ban da tura abin da ba ka karanta ba har ƙarshe.

Ga jirgina nan ya iso, in na rasa shi sai na ƙara minti goma a sanyin nan. Ku gaida mutanen gida, sai mun haɗu a na gaba in Allah ya kai mu.