Su Wa Ke Bayan Filin Besbol A Jami'o'in Amurka?

Masu kallo, barkanku da wannan lokaci. Bari mu fara da wani dare a birnin Omaha na jihar Nebraska, ranar 22 ga watan Yuni, 2023. Jami'o'i biyu ne suka kara, LSU, wato Jami'ar Jihar Luwiziyana, da Wake Forest daga Karolaina ta Arewa, duk wanda ya yi nasara ya tafi wasan ƙarshe na gasar besbol ta jami'o'in Amurka. Matasa biyu ne ke jifa, Paul Skenes da Rhett Lowder. Aka yi zagaye bakwai Lowder bai bari an ci shi ba. Skenes ya yi takwas, shi ma haka. Zagaye tara da aka saba ya ƙare allo na nuna babu ci, aka shiga na goma shiru, sai a na goma sha ɗaya Tommy White ya maka ƙwallo ta tsallake katanga, LSU ta ci 2 da nema. Bayan 'yan makonni, da ƙungiyoyin ƙwararru suka zo zaɓen sababbin 'yan wasa, Skenes aka fara ɗauka a duk Amurka, Lowder ya zo na bakwai.

Kyamara ta nuna mana yaran nan biyu. Yau waɗanda ba ta nuna ba nake so mu duba, wato masu horar da su da wuraren da aka horar da su.

Ga wanda bai saba da wasan ba, besbol jifa ne da bugu. Mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu, tazarar mita 18 da ɗan ɗoriya tsakaninsa da mai riƙe da kulki. Gwani irin Skenes yana sakin ƙwallo da gudun kilomita 160 a awa. Kafin rabin daƙiƙa ta cika ta iso. Kafin ka ce kwabo, mai bugu ya riga ya yanke shawara, ko ya kai duka ko ya bari ta wuce. Jami'o'i kusan 300 ne ke buga wannan wasa a rukunin farko na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, 64 ke shiga gasar ƙarshen kaka, takwas kacal ke isa Omaha, inda ake yin gasar tun 1950.

To, su wa ke riƙe da ƙungiya? Akwai babban koci, shi ne uban gida, shi ke tsara wanda zai buga, shi ke fuskantar 'yan jarida da hukumar makaranta idan abu ya lalace. Akwai kocin masu jifa. Akwai kocin masu bugu, wanda sau da yawa shi ne kuma ke yawon makarantun sakandare yana farautar yara masu hazaƙa, yana zama a falon iyaye yana lallashinsu. Bayansu akwai mai horon ƙarfin jiki, da mai kula da rauni, da mai tsara tafiye-tafiye da masauki, da yaran da ke zaune gaban kwamfuta suna yanka bidiyon abokan hamayya.

A cikin waɗannan duka, ni dai a ganina, kocin masu jifa ne ya fi ɗaukar amana mai nauyi, domin hannun ɗan mutane ne a hannunsa. Jifan besbol ba ɗabi'ar gwiwar hannu ba ce. Akwai wata jijiya a ciki da kan tsinke idan aka matsa mata, sai an yi tiyatar da ake kira da sunan Tommy John, ɗan wasan da likita Frank Jobe ya fara yi wa ita a 1974, kuma jinyarta kan cinye shekara guda ko fiye. Saboda haka kocin nan yana ƙirga kowace jifa, yana lura da kwanakin hutu, yana kallon yadda ƙafa ke sauka da yadda kwankwaso ke juyawa, tun da ƙarfin jifa daga ƙasa yake tasowa kafin ya iso hannu.

Ku dubi wanda ya horar da Skenes. Sunansa Wes Johnson. A ƙarshen 2018 ƙungiyar ƙwararru ta Minnesota Twins ta ɗauko shi daga Jami'ar Arkansas kai tsaye, abin da ba a saba gani ba. A tsakiyar kakar 2022, Twins na saman rukuninta, sai ya ajiye aikin ya koma jami'a, ya tafi LSU. A daidai lokacin Skenes ya baro makarantar sojan sama, inda yake haɗa aiki biyu, yana jifa yana kuma bugu. A LSU aka ce ya ajiye kulki ya fuskanci jifa kawai. A kaka guda ya fitar da masu bugu 209 ba tare da sun iya sa ƙwallo cikin fili ba, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a SEC, rukunin jami'o'in kudu maso gabas da LSU ke ciki.

Shi kuwa Lowder, a Wake Forest akwai wani ɗaki da suke kira ɗakin binciken jifa, wanda suka kafa tare da likitocin asibitin jami'ar. Yaro zai tuɓe riga, a manna masa 'yan ƙananan maɓallai a kafaɗa da gwiwar hannu da ƙugu, ya hau tudun jifa wanda aka binne ma'aunin nauyi a ƙarƙashinsa. Kyamarori sun kewaye shi. Ya yi jifa ɗaya, sai ga ƙwarangwal ɗinsa a allo yana motsi a hankali, ana ganin inda nauyi ya taru a gwiwar hannu, ana ganin ko ƙafarsa ta gaba ta tsaya daram ko ta lanƙwashe. Na'urori irin su TrackMan da Rapsodo kuma suna faɗin sau nawa ƙwallon ta juya a minti, da yadda ta karkace kafin ta isa. Rabon Wake Forest da Omaha tun 1955, sai a wannan shekara ta 2023.

Akwai kuma gasar gine-gine tsakanin jami'o'i, musamman a kudancin ƙasar. Jami'ar Arkansas ta buɗe cibiyar horo ta dala miliyan 27 a 2021. Mississippi State ta rushe filinta na Dudy Noble ta sake gina shi, aka buɗe a 2019, kuma an taɓa tara mutum sama da 16,000 a wasa guda a wurin. A bayan katangar filin magoya baya ke kafa murhu suna gasa nama, hayaƙi na tashi ana wasa. Ginin ba don horo kaɗai ake yinsa ba. Yaro ɗan shekara 17 da ya zo ziyara da iyayensa, ɗakin canza kaya da ɗakin ɗaga ƙarfe ake fara nuna masa.

A arewacin Amurka kuwa ginin rufaffe larura ce. Ana fara kaka a tsakiyar Fabrairu, lokacin da ƙanƙara ta rufe filaye a Mishigan da Minesota. Sai su yi atisaye cikin raga a ɗaki, su kwashe makonnin farko suna bin hanya zuwa kudu don buga wasa a gidan wasu. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kofin ya fi zama a kudu da yamma.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Duk wannan kuɗi da ake zubawa a siminti da gilashi, har zuwa 2023 dokar NCAA koci uku kawai ta yarda a biya albashi, babba da mataimaka biyu, a ƙungiyar da ke da 'yan wasa 35. Na huɗu sunansa ɗan sa-kai. A lokacin jami'a ba ta da ikon ba shi albashi ko inshorar lafiya, ko da tana so. Amma shi ne ke riga kowa zuwa fili. Shi ne ke tsayawa bayan raga yana jefa wa masu bugu ƙwallo ɗari bisa ɗari har kafaɗa ta yi tsami, shi ne kuma kuke gani a gefen tasha ta farko, inda mai bugu ke fara rugawa bayan ya buga ƙwallo, ranar wasa. Abin da yake sa wa a baka yana fitowa ne daga sansanin horar da yara da ake yi lokacin hutu. Magidanci mai iyali, sanye da rigar jami'ar da ta gina fili na miliyoyin daloli, yana lissafin kuɗin haya. A watan Afrilu na 2019 aka kawo shawarar a mayar da shi ma'aikaci, aka kaɗa ƙuri'a ta faɗi. Sai a Janairun 2023 aka amince, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Yuli. Tsofaffin 'yan sa-kan sun kai ƙara kotu, a 2025 aka sasanta a kan sama da dala miliyan 49.

'Yan wasan ma sun daɗe cikin matsi irin wannan. Shekaru sama da 30 ana ba kowace ƙungiya gurbin tallafin karatu 11.7 kacal, a yanka shi gunduwa-gunduwa a raba wa yara har 27, wani ya samu rabi, wani rubu'i, iyaye su cika sauran. Babban koci ya zama kamar mai rabon gado. A 2025 aka cire wannan iyaka ga jami'o'in da suka shiga sabon tsarin biyan 'yan wasa, aka tsayar da yawan 'yan wasa a 34.

Su kansu ƙwararru yanzu sun juyo suna neman mutanen jami'a. Tony Vitello ya fara ne a matsayin ɗan sa-kai a Jami'ar Missouri, ya bi ta TCU da Arkansas yana mataimaki, ya karɓi Tennessee a 2017, ya kai ta ga kofinta na farko a 2024. A watan Oktoba na 2025 ƙungiyar San Francisco Giants ta naɗa shi manajanta, daga harabar jami'a kai tsaye, ba tare da ya taɓa horarwa a matakin ƙwararru ba ko na rana ɗaya.