Yadda ake cire ƙurar fure daga jikin ƙudan zuma don dubawa a maikuroskof

Malama Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da warhaka daga Agege a nan Legas. Malam Nasiru, wanda yake son sanin furannin da ƙudan zuma ya ziyarta, daga ina zai fara?

Malam Nasiru: Daga wurin kamu zai fara, Malama, domin a can ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Kowane ƙwaro ana sa shi a kwalbarsa shi kaɗai, a rubuta rana da wuri da shukar da aka same shi a kai, saboda idan biyu suka haɗu suka yi ta fafutuka, ƙurar wannan za ta koma jikin wancan, kuma babu na'urar da za ta iya raba su daga baya. Sannan a sa kwalbar a firiza har ƙwaron ya mutu.

Malama Hadiza: Ni abin da ya fi damuna shi ne laimar garin nan, domin ƙwaron da aka bari a fili da damina ba ya jimawa fumfuna ta rufe shi.

Malam Nasiru: Gaskiya ne, shi ya sa ake busar da shi a rufaffen mazubi tare da ƙwayoyin silika masu shanye danshi. Wajen cire ƙurar kuwa, dabarar da masani Beattie ya bayyana a 1971 har yanzu ana aiki da ita. Ana haɗa sinadaran jelatin da gilisarin da jan rini mai suna fuksin su daskare su yi danƙo, a yanki ɗan gutsure kamar ƙwayar gero, a riƙe shi da tsaftataccen hantsaki, a dangwala a kan ƙwaron da ƙirjinsa da cikinsa. Daga nan a ɗora gutsuren a kan gilashi, a ɗumama shi kaɗan ya narke, a rufe da siririn gilashi, sai ƙwayoyin ƙurar su fito jajaye idan an ƙara girmansu sau 400 a maikuroskof.

Malama Hadiza: To, dunƙulen da muke gani a ƙafafunsa na baya fa?

Malam Nasiru: Ana cire waɗannan ƙafafun tun farko a ajiye su daban, domin ƙudan ya riga ya kwaɓa wannan ƙurar da ruwan zaƙin fure don kaiwa amya, ba ita ce take barbarar shuka ba. Ita tana nuna abincinsa, ta jikin kuma tana nuna aikin da yake yi wa manomi.

Malama Hadiza: Gane sunan shukar kuma sai an kwatanta.

Malam Nasiru: Ƙwarai kuwa. Dole mai bincike ya tsinko furannin wurin da ya yi kamun, ko lambu ne a Ikorodu ko bakin fadama a Lekki, ya shirya ƙurar kowanne a gilashinsa, sannan ya jera su gefe da gefe yana duba girma da ƙayoyi da ramukan kowace ƙwaya.