Minti Biyar da Dala 2,500: Yadda Masu Tara Bindigogi Ke Tsare Abin da Suka Tara

A watan Agustan 2021 an yi gwanjon wata tsohuwar bindiga ƙirar Colt a birnin Los Angeles na Amurka. Da ita ce wani jami'in tsaro mai suna Pat Garrett ya harbe gagararren ɗan bindigar nan Billy the Kid a 1881. Sai da ciniki ya haura dala miliyan 6 kafin aka sallama. Shekara uku kafin nan, wata Colt Walker ta 1847, wadda duka-duka 1,100 aka ƙera irinta, ta tashi a kan dala miliyan 1.84.

Masu karatu, a Amurka da Ingila akwai mutanen da tara bindigogi ya zame musu jiki, kamar yadda wani ke tara dawaki. Wani gado ya ci daga kakansa, wani mafarauci ne, wani kuma jari ya zuba. Dokarsu daban, tamu daban, don a Najeriya riƙe bindiga ba lasisi hanyar gidan yari ce. Abin da za mu duba yau shi ne yadda su can suke tsare wannan dukiya mai haɗari, da kuma inda da yawansu ke yin sakaci ba su sani ba.

Mu fara da ɓarawo. Hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi a Amurka ta fitar da rahoto a 2023, inda ta ce daga 2017 zuwa 2021 an kai rahoton satar bindigogi fiye da miliyan ɗaya. Kusan dukkansu daga hannun ɗaiɗaikun mutane aka ɗauke su, a gida ko a cikin mota, ba a shagon dillali ba. Bindigar da aka sace kuwa ba kamar talabijin ba ce. Talabijin in ya tafi, asarar ta tsaya a kanka. Bindiga in ta tafi, wani ne zai ji a jikinsa.

Shi ya sa ake sayen sef, wato akwatin ƙarfe mai kulle.

Ka ɗauka ga wani sef a gabanka. Ya fi mutum tsayi, fenti sai sheƙi, ga hannu mai yatsu biyar kamar sitiyarin jirgin ruwa, ƙofa kuma kauri guda. Duk wanda ya gan shi zai rantse ko aljani ba zai shiga ba. To buɗe ƙofar, ka duba gefenta. Akwai wata 'yar takarda manne da haruffa uku: RSC. Shaida ce daga cibiyar gwaje-gwaje ta UL, kuma ma'anarta a matakin farko ita ce akwatin ya jure wa mutum ɗaya riƙe da guduma da kurfi da sukuddireba na tsawon minti biyar. Biyar kacal. A yi adalci, mai gwajin ƙwararre ne, kuma lokacin da ƙarfe ke kan ƙarfe kawai ake ƙirgawa, don haka ɓarawon unguwa zai fi haka daɗewa. Amma dai ka ji gaskiyar abin da ka saya: lokaci ka saya, ba gagara-badau ba. Masu shaidar TL-15 da TL-30, irin na shagunan gwal, su ne ke jure minti 15 da minti 30 har da injin huda. Nauyinsu da kuɗinsu ba na kowa ba ne.

Kaurin ƙofar ma sau da yawa kwalliya ce, siririn ƙarfe ne aka naɗe a kan allo. A jikin akwatin ake gane gaskiya, kuma awon nasu a juye yake: ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Lamba 14 ba ta kai milimita 2 ba, lamba 10 ta ɗan haura milimita 3, lamba 7 kuma wajen 4 da rabi. Ɓarawon da ya san aikinsa ba ya ɓata lokaci a ƙofa. Ko ya yanka ta gefe da injin yankan ƙarfe, ko ya kayar da akwatin ƙasa ya samu damar danna ƙarfen ɓanɓara da duk nauyin jikinsa, ko kuma su ɗora shi a kan amalanke su je su buɗe a nitse. Maganin wannan bai kai kuɗin man mota ba: noti huɗu da za a ɗaure gindin akwatin da kankaren ƙasa, a kuma cusa shi a lungu ta yadda bango zai tare gefensa. A jihohin Ostareliya da dama, tun bayan kisan Port Arthur na 1996 da ya ci rayuka 35, doka ce duk akwatin da bai kai kilo 150 ba sai an ɗaure shi da gini.

Sai wuta. Abin da ke kare cikin yawancin waɗannan akwatuna allon jifsam ne, dangin abin da ake silin POP da shi. Akwai ruwa a ɗaure cikin jikinsa, in zafi ya taso sai ya riƙa sakin tururi, tururin ya riƙe zafin ciki kada ya wuce digiri 177 a ma'aunin Salshiyos, don sama da haka takarda kan fara ƙonewa. Da ruwan ya ƙare, kariya ta ƙare. Sannan rubutun da za ka gani na cewa yana jure wuta minti 60 ko 90, sau da yawa kamfanin ne ya gwada kayansa da kansa. Mai tuwo ba ya cewa miyarsa ba gishiri.

Ga kuma abin ban haushi. Tururin da ya ceci bindigar daga wuta shi ne zai jiƙa ta. Ko ba gobara, laima na taruwa a rufaffen akwati, tsatsa ta ci bututu, katako ya kumbura. Masu adana kayan tarihi suna riƙe laimar a wajen kashi 50 cikin ɗari, da 'yar sandar lantarki mai ɗumama iska ko ƙunshin ƙwayoyin silika masu shan danshi. Tabon tsatsa guda a jikin bindiga ƙirar Purdey ta Landan na iya zubar da dubban fam.

Kullen zanen yatsa kuwa, sauri gare shi, amma ban cika yarda da masu arha ba. A 2023 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sanar da janye kusan 61,000 na wani samfuri, saboda yana buɗe wa yatsan da ba a yi wa rajista ba, bayan rahoton mutuwar wani yaro ɗan shekara 12.

Yanzu a ce duk an yi wannan, ƙaddara ta faɗa, an kwashe. Mai gida ya kira kamfanin inshora hankalinsa kwance, tunda ai yana biyan inshorar gida duk shekara. A nan ake yin salati. Takardar inshorar gida da kamfanonin Amurka da dama suka daɗe suna bi ta ƙayyade diyyar satar bindigogi a dala 2,500. Ba kowace ɗaya ba, gaba ɗayansu, har da kayan da ke tare da su. Wanda ya tara na dala 40,000, abin da zai karɓa ke nan, saura sai haƙuri. Wannan iyaka ta sata ce kawai, gobara na da nata lissafin. Ambaliya kuma ba ta cikin inshorar gida sam, sai an saya mata tata daban, alhali mutane da yawa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa suke ajiye sef, inda ruwa ke fara sauka.

Mafita biyu ce. Ko a ƙara wani sashe a kan inshorar gidan, a jera bindigogin ɗaya bayan ɗaya da lambarsu da darajarsu, ko a tafi wurin kamfanonin da suka ƙware a kan kayan tarawa. Kowacce aka ɗauka, kalma ɗaya ce ke raba mai dariya da mai kuka: da wane ma'auni za a biya? In da darajar ranar asara ne, za a cire tsufa kamar ana cinikin tsohuwar firji, alhali tsohuwar bindiga ƙirar Winchester tsufan ne kuɗinta. In da kuɗin sayen sabuwa ne, ina za a samo sabuwar abin da aka daina ƙerawa tun kafin yaƙin duniya? Wanda ya dace da mai tarawa shi ne farashin da aka yi yarjejeniya a kansa tun farko, bayan masani ya kimanta. Shi ma sai ana sabunta shi, don kasuwa ba ta tsaya jiran kowa ba.

Wasu Amurkawa ba sa son miƙa lambobin bindigoginsu ga kowa. Dokar 1986 ta hana gwamnatin tarayya buɗe rajistar bindigogi ta ƙasa, kuma suna kishin wannan sosai. Don haka wasu kamfanoni ke ba da inshorar dunƙule, sai mai tsada kawai ake rubutawa. Amma ko kamfani bai tambaya ba yau, ranar biyan diyya zai tambaya. Ina rasit? Ina hoto? Mece ce lambarta? 'Yan sanda ma da lambar suke shigar da ita kundin FBI na bindigogin sata, wanda ta nan ne kan sa a gano ta ko bayan shekaru a wata jiha. ATF har ɗan littafi take bayarwa kyauta don rubuta waɗannan bayanai. Kuskuren da ake yawan yi, a rubuta komai tsaf, sannan a jefa littafin cikin sef ɗin da za a sace.

Saura makulli. A Ingila ɗan sanda kan zo har gida ya duba akwatin kafin a ba ka takardar izini, ya girgiza shi ya ga ko yana manne da bango. Kuma mai izini kaɗai ya kamata ya san inda makulli yake. Wani lauya a yankin Essex ya rasa izininsa saboda ya gaya wa mahaifiyarsa, tsohuwa da ta haura 80, inda yake ajiye makullin. Ba ta taɓa bindigar ba, ba kuma wanda ya ce tana da niyya. Maganar ta kai har kotun ɗaukaka ƙara a shekarar 2000, kotu ta ba 'yan sanda gaskiya.