Mai son barin tramol, a fara duba barcinsa

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye, samarin Damagaram, sannunku da zuwa.

Maganar ƙwaya za mu yi yau, amma ta wajen barci zan ɓullo mata, don nan muka fi sakaci. Baligi yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9. To ku dubi ɗan kabu-kabun da ya wuni tsakanin kasuwar Dole da Zango cikin zafin Afrilu. Da safe ya afa tramol don jiki ya ɗauki aiki. Bayan isha ya zauna fada, buta na kan gawayi, aka sha na ɗaya, na biyu, har na uku. Kafeyin, sinadarin hana barci da ke cikin shayin nan, bayan kamar awa 5 rabinsa na nan cikin jini. Ƙarfe biyun dare yana ido biyu, sai ya nemi diyazefam, ƙwayar sa barci, wajen mai tebur. Gari ya waye kai ya yi nauyi, sai wani tramol. Haka abin ke zagayawa.

Ina roƙonku da Allah ku riƙe wannan: tramol da diyazefam duk suna danne numfashi. In aka haɗa su, akwai mai kwanciya bai tashi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron da ya ce ya tuba. Kwanakin farko barci na ƙaurace masa. Yana zufa, ƙafafu sun ƙi zama wuri guda, yana ta juyi bisa tabarma har kiran assalatu. Mai barin wiwi kuma mafarkai masu firgitarwa ke tada shi. Wannan kan ɗauki makonni, kuma masu jinyar shaye-shaye sun san rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutum ruwa. Iyayena mata, a irin wannan dare kada a ce masa ya faye raki. A zauna da shi.

Maganin da likitoci ke sa wa gaba shi ne gyaran ɗabi'ar kwanciya. Ya tsayar da lokacin tashi guda, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba. Shayi da Nescafé su ƙare da azahar. Ƙailula kada ta wuce minti 30. In ya kwanta kamar minti 20 barci bai zo ba, ya tashi ya ɗauki carbi, ya bar waya, sai ya ji gyangyaɗi ya koma.

Maganin barci irin diyazefam likita ke rubuta shi, kuma galibi ba a wuce mako 2 zuwa 4. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, don yana iya faɗuwa yana jijjiga. A hankali ake rage shi. Ku kai shi Babban Asibitin Ƙasa na Zinder ko likitar unguwarku, ku tafi da kwalin abin da yake sha, a faɗi gaskiyar ƙwaya nawa yake haɗiya a rana.