Sharhi: Jagoran Muhalli, a Bakin Gona Ake Horar da Shi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau kan horar da jagororin muhalli ne a karkarar jihar Kaduna, mutanen da za su tsaya wa ƙauyensu kan sare itatuwa da gobarar daji. Masana ba su yi mana ƙaranci ba, ga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a Afaka, ga cibiyoyin binciken noma a Samaru. Abin dubawa shi ne wa ake koya wa, kuma yaushe.

Tun wurin zaɓe ake soma tafka kuskure. In aka ce mai gari ya turo mutum biyu, galibi mai babur da babbar waya ne zai zo, ya karɓi alawus da takardar shaida, ya koma. Alhali masu hulɗa da dajin kullum su ne matar da ke tsintar ƙwarar kaɗanya, da sarkin noma, da arɗo, har da mai yin gawayi wanda ya san inda kowace kirya take. In ba arɗo a zaman, dokar hana kiwo a filin dashe ba za ta kai kasuwa biyu ba.

Horon kuma ya bi kalandar manomi, ba kwana uku a ɗakin taro ba. A Fabrairu ko Maris ake cika ledar renon tsiro: kashi biyu ƙasar sama, kashi ɗaya yashi, kashi ɗaya taki ruɓaɓɓe. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro, ya kuma gayyato gara. Irin ɗorawa a zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana, don ɓawonsa tauri gare shi. Na darbejiya kuwa ba ya son ajiya, 'yan makonni kaɗan ya mutu. Mako biyu kafin dashe a rage ban ruwa, a janye inuwa, tsiron ya saba da rana. Sai ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, a haƙa rami kamu ɗaya faɗi da zurfi, a yanke ledar a cire ta. Wannan cire ledar, abin kamar wasa, amma da yawa da ita ake binnewa, saiwa ta nannaɗe a ciki. Dashen biki na Satumba kuwa, ruwa ya ɗauke a Oktoba, hunturu ya ƙarasa shi.

Mafi arha ma ba ya buƙatar leda. Manoman Maraɗi a Nijar sun riƙe shi tun shekarun 1980, suna ce masa sassaben zamani. Kututturen kalgo ko marke da ke tohowa a gona, maimakon a sassabe shi kakaf a sa wuta, sai a zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi miƙewa, a datse saura da wuƙa mai kaifi, ana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Saiwarsa ta riga ta yi nisa, ba ya jiran bokiti. Ga kaɗanya, wadda kan haura shekara 15 kafin ta yi 'ya'ya, kare wadda ta fito da kanta ya fi sabon dashe nesa ba kusa ba.

Da Nuwamba, kafin masu farautar gafiya su kunna ashana, a share hanyar tare wuta mai faɗin kamar mita biyar kewaye da filin, a kange kowane dashe da ƙaya saboda awaki.

Ƙidaya kuwa a Afrilu ake yin ta, a ƙarshen bazara. Jagoran ya ɗauki littafinsa ya bi layi layi, ya rubuta nawa ne da rai, nawa gara ta ci, nawa wuta ta lashe, a karanta wa jama'a a ƙofar mai gari kafin dashen gaba.